Babi na Bakwai: Tafiyar Ƙwayar Magani Bayan an Haɗiye Ta

Idan Yuli ya kama, damina ta zauna a yammacin Katsina, shuka ta rufe gonakin da ke tsakanin Batsari da Ruma da waɗanda ke tsakanin Safana da Runka, to lokacin masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro ya yi. Gida-gida suke bi, suna sallama suna tambayar yaran da suka kai wata uku amma ba su cika shekara biyar ba. Kowane yaro kati ɗaya ne rabonsa, ƙwaya huɗu a jiki. Biyu ana narka su a ɗan ruwa a ba shi nan take a gaban mai rabon. Ɗaya haɗin salfadoksin da firimetamin ce, wadda manya suka fi sani da sunan Fansidar, ɗayar kuma amodiyakwin. Sauran biyun, dukkansu amodiyakwin, a hannun uwa ake barin su. "Inna, ɗaya gobe, ɗaya jibi, ko da lafiyarsa ƙalau," haka mai rabon kan ce kafin ta wuce gida na gaba. Bayan mako huɗu a sake zagayowa, har zuwa Oktoba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a watan Maris na 2012 domin ƙasashen Sahel, inda yawancin zazzaɓin shekara ke faɗowa cikin 'yan watannin damina. Jihar Katsina na cikin wuraren farko da aka gwada shi a Najeriya, a 2013, tare da ƙungiyar Malaria Consortium. Mutane sun saba da shi har ba a cika tambayar abin da ya kamata a tambaya ba: yaya maganin da aka sha cikin kwana uku zai tsare yaro har kwana 28? Mamakin zai ƙaru in aka san cewa amodiyakwin ɗin da yaron ya haɗiya da safe, kafin la'asar rabinsa ya bar jininsa.

Amsar tana cikin hanta. Yawancin abin da aka haɗiya, in ya ratsa bangon hanji, wata babbar jijiya ce ke kwasar sa ta kai shi hanta tukuna, kafin ya zaga sauran jiki. A cikin hanta akwai sinadarai masu sarrafa wasu sinadarai, waɗanda ake kira enzayim, kuma dangin da suka fi shahara a cikinsu su ne saitokurom P450. A jikin ɗan Adam sun haura iri 50, kowanne da lambarsa. Aikinsu ya girmi kowane asibiti. Su ne ke tarbar dafin da ke cikin ganye da saiwa da mutum ko dabba ke ci, su sauya masa siffa yadda zai narke a ruwa, ƙoda ta fitar da shi a fitsari ko ya bi maɗaci zuwa bayan gida. Hanta ba ta bambance magani da dafi. Baƙon abu ta gani, kuma ƙoƙarinta ta sallame shi.

Da amodiyakwin ya iso, enzayim mai lamba CYP2C8 ne ke kama shi ya yanke masa wani ɗan reshe. Abin da ya rage shi ake kira desetil-amodiyakwin, amma bari mu kira shi magajin amodiyakwin. Shi ma yana kashe ƙwayar zazzaɓi, sai dai shi ba ya gaggawar fita. Yana shiga tsokoki da sassan jiki ya zauna, yana komowa jini a hankali, har sai an yi kwana 9 zuwa 18 kafin rabinsa ya tafi. Salfadoksin kuwa hanta ba ta cika taɓa shi ba, ƙoda ce ke tace shi sannu a hankali, rabinsa kan ɗauki wajen mako guda. Saboda haka abin da ke tsaron yaro a mako na uku da na huɗu, yawancinsa jikin yaron ne ya ƙera shi daga abin da aka ba shi. Kuma yawan abin da hanta za ta ƙera ya dogara ne ga yawan abin da aka kawo mata. Yaron da ya sha ƙwayar ranar farko kaɗai ya sami kashi ɗaya cikin uku na amodiyakwin ɗinsa. Magajin zai yi ƙasa tun watan bai ƙare ba, daidai lokacin da sauro bai rage cizo ba.

Daɗewar magajin a jini ta ba masu bincike wata dama. Ko bayan makonni, ɗigon jini daga yatsa na iya nuna ko yaro ya shanye maganinsa. An yi wannan awo a yankin Magariya ta Jamhuriyar Nijar, ƙasar Hausawa da ba ta da nisa da Daura, aka buga sakamakon a 2020. Da farko an auna jinin yara 136 da aka tsaya a kansu suka sha kowace ƙwaya, don a san yadda jinin wanda ya cika sharaɗi yake. Daga nan aka gwada da jinin yara 869 da suka karɓi maganin ta hanyar rabo na yau da kullum. Waɗanda jininsu ya nuna sun shanye duka ba su kai kashi 20 cikin 100 ba.

Ban ga dalilin ɗora wa iyaye mata laifin wannan ba. Amodiyakwin na da ɗaci, wani yaron yakan yi amai, wani ya wuni a kwance, kuma da wuya a shawo kan uwa ta ƙara wa ɗanta abin da ta ga ya galabaita shi jiya alhali ba shi da ciwo. Wata tana da ɗan shekara bakwai da ba ya cikin lissafin masu rabo, shi ma sauro na cizonsa, sai ta raba. Wata ta adana don ranar da zazzaɓin zai zo da gaske, domin ta san nisan asibiti. A ƙauyukan Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu kuma akwai ƙarin dalili. Shekaru da dama mutane na kwana cikin shirin gudu saboda 'yan bindiga, wasu sun bar gidajensu sun koma cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma ko birnin Katsina. Wadda ta goya ɗa ta ja wani ta fita da tsakar dare, katin magani ba ya cikin abin da za ta tuna. Amma hanta ba ta da labarin uzuri. Abin da ya iso mata shi take sarrafawa.

Hantar ma ba iri ɗaya ba ce ga kowa. Akwai wani nau'in CYP2C8 mai sanyin aiki da ake gado, ya kuma fi yawa a tsakanin 'yan Afirka. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2007, ya iske masu ɗauke da shi suna warkewa kamar kowa, sai dai sun fi kukan ciwon ciki bayan sun sha amodiyakwin. Uwar da ta ce maganin yana wahalar da ɗanta fiye da ɗan maƙwabta, mai yiwuwa gaskiyar halittarsa take faɗa. Akwai kuma wata ƙaramar hanya da jiki ke bi da amodiyakwin wadda ke haifar da sinadari mai cutar da hanta da fararen ƙwayoyin jini. A shekarun 1980 an ga haka a wurin matafiya Turawa da ke shan sa kowane mako na tsawon lokaci, har aka daina ba da shi ta wannan hanya. Shan kwana uku a wata bai nuna irin wannan haɗari ba sai nadiran, amma shi ya sa ba a maimaita shi kafin mako huɗu, kuma yaron da ya karɓi na rigakafi in zazzaɓi ya kama shi, ana neman maganin da babu amodiyakwin a ciki.

To ta yaya aka san sunayen waɗannan magada da siffarsu, alhali abin da ke cikin jinin mutum ɗan mitsitsi ne, bai isa a tara a bincika ba? Nan ƙananan halittun da ido ba ya gani suka shigo. Duk macen da ta taɓa yin daddawa ta san aikinsu: ta dafa kalwa, ta rufe ta kwana biyu ko uku, ta buɗe ta tarar da wani abu daban a ƙamshi da ɗanɗano, domin bakteriya sun sarrafa ta. A 1974 wasu masana biyu a Amurka, Robert Smith da John Rosazza, suka kawo shawarar a yi wa magani haka. Sun lura cewa fumfuna da wasu bakteriya na da enzayim 'yan uwan na hanta. In aka zuba magani a tulun da ake kiwon su, za su sauya shi kamar yadda hantar dabba mai shayarwa za ta yi, kuma a sami abin da yawa yadda za a iya tace shi a san ko mene ne, ba tare da an yanka ɗaruruwan ɓeraye ba.

Maganin zazzaɓi na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan dabara. A 1981, a Jami'ar Misisifi, Alice Clark da Charles Hufford da James McChesney suka ba gomman ire-iren ƙananan halittu maganin firimakwin. Ɗaya daga cikinsu ta mayar da shi wani sinadari da ake kira kaboksi-firimakwin. Da suka riƙe samfurinsa a hannu sai aka neme shi a jinin ɓera, aka same shi. A 1984 aka tabbatar shi ne mafi yawan abin da firimakwin ke komawa a jinin mutum, har ya ninka maganin kansa sau da yawa. An shafe shekara kusan 30 ana ba mutane firimakwin ba a san da shi ba, sai da fumfuna ta nuna hanya. Fumfunar kuwa manomin Batsari ya san ta ko bai san sunanta ba. Ita ce Aspergillus flavus, wadda ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Dafin da take zubawa a gyaɗa, afalatoksin, shi ma sai hanta ta sarrafa shi da waɗancan enzayim ɗin yake zama abin da ke jawo sankarar hanta.

Firimakwin ba maganin da ake yawan gani ba ne a kemis ɗin Safana, domin babban aikinsa shi ne kashe nau'in ƙwayar zazzaɓi mai ɓuya a hanta ta dawo bayan watanni, alhali Plasmodium falciparum da ke kashe yaranmu ba ta wannan ɓuya. Amma darasinsa babba ne. Kaboksi-firimakwin, duk yawansa, ba shi ne ke aikin ba. Wani ɗan kaso ne da enzayim CYP2D6 ke sarrafawa yake kashe cutar. A 2013 likitocin cibiyar bincike ta Walter Reed ta sojojin Amurka suka ba da rahoton mutum biyu da zazzaɓin ya riƙa dawo musu duk da sun sha firimakwin yadda aka ce, aka duba aka ga CYP2D6 ɗinsu rarrauna ne. Magani na ƙwarai suka sha, jikinsu ne bai kunna shi ba. Wannan ɗan kason mai aiki kuma shi ne ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin enzayim G6PD, halittar da ta yawaita a tsakanin mazan Najeriya, har fitsari ya yi baƙi.

An yi wa atemisinin, wani maganin zazzaɓin, irin wannan gwaji. A 1989 aka nuna wata bakteriya da wata fumfuna daga dangin Penicillium suna mayar da shi diyoksi-atemisinin, sinadarin da ake samu a fitsarin wanda ya sha maganin, wanda kuma ba ya kashe komai. Wata fumfunar ƙasa mai suna Cunninghamella elegans, wadda masu bincike suka fi so saboda yadda aikinta ya yi kusa da na hanta, takan liƙa masa wani reshe a wurin da masu haɗa sinadarai ke shan wahalar kaiwa. Bakteriyan hanjinmu ma ba 'yan kallo ba ne. Wani bincike na Jami'ar Yel a 2019 ya haɗa magunguna 271 na sha da ire-iren bakteriyan hanji 76, ya iske 176 daga cikin magungunan akwai aƙalla bakteriya ɗaya da ke sauya su. Duk da haka fumfuna jagora ce kawai, ɓera ma haka. Dabbobi masu shayarwa kansu sun sha bamban: farasitamol ɗin da yaro ke sha lafiya yana kashe kyanwa, domin hantarta ba ta da isasshen enzayim ɗin da ke ɗaure shi a fitar. Dole a ƙarshe a dawo a auna a jinin mutum, kuma irin mutumin da zai sha maganin.

Akwai ƙaramar halitta guda da ta fi dukkan waɗannan muhimmanci a wannan labari, ita ce ƙwayar zazzaɓin kanta. In ta shiga jar ƙwayar jini, himogulobin take ci, wato sinadarin da ke sa jini ja. Takan cinye fiye da rabinsa. A cikinsa akwai wani ɓangare mai ɗauke da ƙarfe da ake kira him, wanda dafi ne a gare ta, don haka take dunƙule shi ya zama baƙin ƙanƙara mara cutarwa. Kulorokwin da amodiyakwin suna hana wannan dunƙulewa ne, sai dafin ya taru ya kashe ta. Waɗanda suka manyanta na tuna kulorokwin da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu su kwana suna susa. Ƙwayar cutar ta samo wata 'yar kafa da take fitar da shi daga inda yake aiki, ya daina warkarwa, Najeriya ta sauya zuwa haɗin atemisinin a 2005.

Atemisinin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tace daga ganyen Artemisia annua a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970, har ta sami kyautar Nobel a 2015, ta wata hanya yake bi. A jikinsa akwai wata gada ta iskar oksijin guda biyu. Muddin gadar na nan, maganin a kwance yake. Ƙarfen him ɗin da ƙwayar cutar ta saki wajen cin abincinta shi ke karya gadar, kuma da ta karye sai maganin ya riƙa manne wa duk furotin ɗin da ke kusa yana lalata shi. Wato cutar ce da kanta ke kunna abin da zai halaka ta, shi ya sa lafiyayyar ƙwayar jini ba ta cika cutuwa ba. Diyoksi-atemisinin da muka ambata ba ya aiki ne saboda ya rasa wannan gada. Ƙwayoyin cutar da suka fara jure wa atemisinin a Kambodiya, sannan aka gano su a Ruwanda a 2020 da Yuganda a 2021, dabararsu ita ce rage cin himogulobin suna ƙanana, don kada su saki ƙarfen da zai karya gadar.

Ƙarfin atemisinin ba shi da na biyu, amma ba ya zama. Atemita da ke cikin Coartem da ire-irensa, da atesunet da ake yi wa mai tsananin zazzaɓi allura da shi, duk jiki na mayar da su magaji guda, daihaidiro-atemisinin, wanda hanta ke liƙa wa wani nau'in sukari ta sallame shi, rabinsa cikin kamar awa ɗaya. A duk zagayen rayuwar cutar na awa 48, yana iya rage yawanta sau 10,000. Shan kwana uku ya ratsa zagaye biyu, wato ragi sau miliyan 100. Sai dai babban mutum da zazzaɓi ya kayar na iya ɗauke da ƙwayoyi har tiriliyan ɗaya, ka ga saura 10,000 ke nan bayan atemita ya gama nasa. Waɗannan aikin abokin tafiyarsa ne, lumefantirin, wanda rabinsa ke ɗaukar kwana uku zuwa shida kafin ya fita. Wannan lissafi ya isa ya nuna illar dogaro da jiƙon tazargade, ganyen da ke cikin dangin Artemisia, a matsayin maganin zazzaɓi. Ba a san yawan sinadarin da ke cikin kowane jiƙo ba, babu abokin da zai share saura, kuma atemisinin ɗanye na zuga hanta ta ƙara yawan enzayim ɗin da ke rusa shi, har a rana ta biyar abin da ke kaiwa jini ya ragu ninki da yawa a kan na ranar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara a 2019 ta ce ba ta goyon bayan amfani da ganyen a haka.

Wasu magunguna ma na zuga hanta. Rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin tibi mai sa fitsari ja, yana ƙara yawan CYP3A4, enzayim ɗin da ke rusa atemita da lumefantirin duka. A wani awo da aka yi a Yuganda, aka buga a 2013, masu shan rifamfisin sun rasa kashi 89 cikin 100 na atemita a jininsu da kashi 68 na lumefantirin. Efabirenz na masu ɗauke da ƙanjamau, da fenobabiton da kabamazefin na masu farfaɗiya, su ma suna rage shi. Mai tarin tibi da zazzaɓinsa ya dawo bayan mako biyu zai ce jabu aka sayar masa. Jabun magani na nan a kasuwa, babu musu, amma wani lokacin hantarsa ce ta cinye na ƙwarai. A kantin da ake miƙa kuɗi a karɓi kwali, da wuya a tambayi mai saye wane magani yake sha.

Babbar matsalar lumefantirin kuwa tun kafin ya kai hanta take farawa. Ba ya narkewa a ruwa, sai a maiƙo. In babu mai a hanji, yawancinsa wucewa yake yi ya fita a bayan gida. A gwajin da aka yi wa masu lafiya, shan sa da abinci mai maiƙo ya ninka abin da ke shiga jini har sau 16. Abin farin ciki, mai kaɗan ake bukata. Wani awo a Tailan ya nuna giram 1.2 ya wadatar, abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Nonon uwa ya isa ga mai shan mama. Kindirmo, kunun gyaɗa, ƙosai, ɗan man shanu ko man gyaɗa a abinci, kowanne ya isa. Tsala da aka kaɗe aka kwashe manta aka ƙara mata ruwa ba ta kai kindirmo ba, koko zalla kuma kusan babu mai a cikinsa, alhali shi aka fi dama wa mara lafiya. Ga shi mai zazzaɓi ba ya son abinci a ranar farko, ranar da cutar ta fi yawa a jininsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka raba shan gida shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas, sauran safe da yamma. Ƙwayoyin kwana na biyu da na uku, lokacin da jiki ya yi sauƙi aka fara cin abinci, su suka fi shiga jini, kuma su ne waɗanda ake yawan bari a kati in an ga yaro ya tashi yana wasa.

A ƙasar da ke maƙwabtaka da Rugu, inda shanu suka kasance dukiyar Fulani da ta manoma, bai kamata ɗan maiƙo ya zama abin nema ba. Satar shanu da gudun hijira sun rage nono a ƙauyuka da yawa, gonaki na nesa sun zauna ba a noma su. Kuma Agusta, watan da zazzaɓi ke yawaita, shi ne watan da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na shekarar.

Abin da tamowa ke yi wa maganin zazzaɓi an auna shi, kuma a nan kusa. Wani bincike da aka gudanar a Maraɗi da Welesebugu ta ƙasar Mali ya bi yara kusan 400 masu zazzaɓi, wasu da tamowa mai tsanani wasu babu, dukkansu an ba su atemita da lumefantirin tare da abinci mai maiƙo. Maganin ya warkar da ɓangarorin biyu, wannan ya kamata a faɗe shi da ƙarfi. Amma a rana ta bakwai, lumefantirin ɗin da ke jinin masu tamowa bai kai na sauran ba. Da aka sake nazarin alƙaluman a 2019 sai aka ga duk santimita ɗaya da kaurin damtsen yaro ya ragu, abin da hanjinsa ke tsotsa na maganin na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hanjin da yunwa ta cinye bangonsa ya yi laushi, ba ya tsotsar mai yadda ya kamata ko an ba shi. Ƙarancin lumefantirin a jini kuma na nufin kariyar da yake bari bayan warkewa za ta gajarta, sabon cizo ya sake kayar da yaron da wuri.

Akwai ƙarin wani abu da ke damuna. Da nauyi ake auna wannan magani: ƙwaya ɗaya a kowane sha ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu daga 15 zuwa ƙasa da 25, haka har huɗu ga babba. Ɗan shekara huɗu da ya kamata ya haura kilo 15 amma yunwa ta tsayar da shi a 11, ƙwaya ɗaya zai samu maimakon biyu, sannan hanjinsa ya tsotsi ƙasa da abin da ya kamata daga ɗayar. An taɓa gyara irin wannan giɓi. Da awo ya nuna ƙananan yara ba sa samun isasshen atesunet a jini, a 2015 aka ɗaga allurar masu ƙasa da kilo 20 daga miligiram 2.4 zuwa 3 a kowane kilo. Game da lumefantirin kuma, gwaji a kan yaran Yuganda ya nuna tsawaita sha zuwa kwana biyar na ƙara yawansa a jini. Wannan hukunci ne na masu tsara ƙa'idar magani ta ƙasa, ba na uwa ko mai kemis ba, amma jihohi irin Katsina su suka fi cancanta su matsa a yanke shi.

Kafin nan akwai abin da ke hannun ma'aikacin lafiya a asibitin Batsari ko ƙaramin asibitin Runka. Tef ɗin auna damtse, mai kore da ɗorawa da ja, yana ɗaki ɗaya da kwalin maganin zazzaɓi. Yaron da gwajin jininsa ya nuna zazzaɓi, damtsensa kuma ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ba shi ƙwayar farko a nan tare da abincin tamowa na gyaɗa, a jira rabin awa ko zai yi amai a sake ba shi, a bayyana wa uwar cewa kowace ƙwaya da ɗan maiƙo za ta bi, sannan a sa mata ranar da za ta dawo da shi a sake duba jininsa ko da jikin bai yi zafi ba.